Lambar Baba Ba Ta Kwana a Allo

Muna tasha muna jiran mota ta cika, sai wata malamar makaranta ta hango lambar tagulla a jikin makullan tsohon da ke gefenta. Ni dai na sunkuyar da kai ina saurare.

"Baba, wannan ba ta masu haƙar ma'adinai ba ce?"

"Ita ce. Shekara ashirin da shida muna tare."

"Mun mayar da tsohon ofishin kamfanin gidan tarihi. Allon yana nan da ƙusoshinsa, amma babu lamba ko ɗaya. Ka ba mu taka mu rataye mana."

"'Yata, kin san aikin allon kuwa? Da safe mutum ya rataye lambarsa ya sauka rami, da yamma ya fito ya cire abarsa. Wadda ta kwana a allo, mai ita yana ƙasa. So kike ki binne ni da raina?"

"Ai an rufe ramin tun ban shiga firamare ba."

"Je ki gaya wa matata. Har yau sai ta ji ƙararta a aljihuna take zuba mini abinci."

Malama ta yi dariya. "To yara su zo su kalli allo wayam ke nan?"

Tsohon ya jujjuya lambar a tafin hannunsa. "Ƙarfe nawa kuke buɗewa?"

"Takwas."

"Zan rataye ta da takwas, in cire ta da huɗu. A tsakani ki tara mini yaran. Ke ma ki nemi kujera, don na lura ba ki san komai ba."