Yayyafi ko Nutsarwa

A ɗakin jira na wani asibiti a Alabama, Verna na dakon labarin mijinta da ke kwance rai a hannun Allah, sai wata mata da ke gefenta ta juyo.

"Baiwar Allah, an yi wa mijinki baftisma kuwa?"

"Tun yana jariri fasto ya yayyafa masa ruwa."

"Yayyafi? Mu a cocinmu, in ba a nutsar da mutum ba, bai zama Kirista ba."

Ran Verna ya ɓaci. "Shekara arba'in yana tuƙa motar coci! Ke aka ba tsaron ƙofar sama?"

Matar ta sunkuyar da kai.

"Ɗana ma yana ciki. Shi ko yayyafin bai samu ba. Ni na ce a jira ya girma."