Barewar Da Ta Ƙi Faɗuwa

Shugabar wannan ƙungiya tamu ta maharba da makiyaya, Uwargida Lorene Petch, malamin daji, Mista Bohlin, wanda ya yi tafiyar mil saba'in don ya zauna da mu, Fasto Ekdahl, dattawan da suka fara harbin barewa a filin nan na Wyoming tun ban san damana da haguna ba, matanmu da suka dafa waken da muka ci yanzu, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da rana.

Ina godiya ga shugaba da ta ba ni wannan dama kafin a kaɗa ƙuri'a, ina kuma godiya gare ku da kuka yi shiru, ko da yake na ga wasunku sun riga sun gyara zama suna cewa, "To, ga Delbert Haskett nan zai sake yi mana waƙar ƙaramar bindiga." Yau ba waƙa na zo yi ba. Tsoro ne ya tsayar da ni a gabanku.

Abin da ke gabanmu kun san shi: a hana shiga filin ƙungiya da bindiga mai ƙaramin harsashi, a kuma hana barewar katako, wadda maharbi ke laɓewa a bayanta, a lokacin farautar bindiga. Sau biyu ana kawo maganar ƙaramar bindiga, sau biyu ni nake tashi in rushe ta.

Na farko, bari in amsa laifin bakina. Ni na ce muku ƙaramar bindiga ba ta dukan kafaɗa, ba ta ɓata nama, ba ta toshe kunne. Duk gaskiya ne. Maƙwabcina Orval Tangeman, ga shi can kusa da tukunyar kofi, shekara ashirin yana yi mini tsiya a kanta. Ya kan ce, "Del, wannan abin naka ko gafiya ka harba, ai juyowa za ta yi ta ce wa ya jefe ni?" Ni kuma in ce, "Kai dai ci gaba da harbi da igwa, kana kai wa matarka Verna kofato da ƙaho." Muna dariya, mutane suna saye. Na ƙirga, mutum goma sha ɗaya a ɗakin nan sun sayi irinta saboda maganata, kuma ranar Asabar, ranar buɗe farauta, za su fita da ita.

Na biyu, ga abin da ban taɓa gaya muku ba. Ƙaramin harsashi yakan shiga barewa ta tsaya cak kamar ba a taɓa ta ba. Wata ta yi tsaye har ka ƙirga biyar, wata ta zura yadi ɗari biyu kafin ta faɗi, wata kuma ka neme ta ka rasa, sai dila ya same ta. Saboda haka na koya wa hannuna wani abu: in ba ta faɗi ba, ƙara mata. Ba na tunani, ba na ɗaga ido daga madubin bindiga, hannu ne yake aikinsa shi kaɗai. Wannan ɗabi'ar ita ce nake tsoro, domin duk mai riƙe da irin bindigar nan zai koye ta ko bai so ba.

Na uku shi ne bara. Kowa ya san na harbi Orval. An yi bincike, an ce tsautsayi ne, kun zo kun yi mana jaje mu biyu. Amma ba ku san yadda aka yi ba.

Da hantsi ne, rana tarwai, a gangaren bayan rijiyar shanu. Na hango namijin barewa tsaye cikin tazargade, kamar yadi ɗari uku. Na kwanta, na auna kafaɗa, na danna kunama. Bai faɗi ba. Bai kuma gudu ba. Jama'a, ina roƙonku ku tsaya a nan tare da ni. Da babbar bindiga ce a hannuna, na harbi dabba ta tsaya ƙiƙam, wallahi da na ɗaga kai na ce, "Kai, mene ne wannan?" Amma ni na saba. Abin da zuciyata ta ce shi ne, "Ya shiga, bai dai ji ba tukuna."

Ashe katako ne. Barewar katakon da Orval yake laɓewa a bayanta lokacin farautar baka, ita ya ɗauko yana rarrafe da ita wajen wani garke da ni ban gani ba. Hularsa mai launin ruwan lemo, wadda maharba ke sawa don a gane mutum ne, tana aljihu, don kada barewin su hango shi. Harsashin farko ya huda katakon ya wuce ta saman bayansa, ko ƙwarzane bai yi masa ba. Kun ji? Harbin farko bai taɓa shi ba.

Sai bawan Allah ya zaro farin hankici ya ɗaga shi ta bayan katakon yana kaɗawa. Ku maharba ne, kun san abin da fari a gindin barewa yake nufi: ta tsorata, za ta zura. Na ce kada ta tsere mini da rauni. Na ƙara mata.

Harsashi na uku yana cikin bindiga, yatsana yana kan kunama, sai na ga barewar ta faɗi shafal kamar ƙyauren da aka tura, ga mutum a bayanta.

Ban san yadda na isa wurin ba. Na tarar da hannunsa na dama a farfashe daga gwiwa, hankicin ya zama ja. Ya dube ni ya ce, "Del, kai ne? Ai na gane ƙarar abin wasan nan naka." Na ɗaure hannun da ɗamarata, na saka shi a mota. Muna kan hanya, leɓensa ya yi fari, ya ce, "Maƙwabci, kada ka gaya wa Verna sau biyu ne. Ka ce ɗaya. Ɗaya tsautsayi ne." Na yi shiru shekara guda. Verna, yau kin ji. Mista Bohlin, kai ma ka ji, kuma ina nan bayan taro, ba inda za ni.

Ina tsoro, jama'a. Ina tsoron Asabar. Ina tsoron mutum goma sha ɗaya da za su kwanta cikin tazargade da bindigar da ni na yaba musu, da hannun da zai koyi abin da nawa ya koya. Ina tsoron ranar da wani zai harba, abu ya ƙi faɗuwa, ya ƙara masa, kuma wannan karon ba a hannu ba. Wani zai ce laifin katakon ne. E, a hana shi. Amma katako harbin farko ya jawo. Na biyu bindigata ce ta koya mini shi.

Ga harsashi na uku nan, na ajiye shi a kan teburin shugaba. Shekara guda yana aljihuna.

In an ce a ɗaga hannu, ina roƙonku ku ɗaga, kafin ku ɗaga kuma ku dubi wajen tukunyar kofi. Orval zai ɗaga na hagu. Na daman, wanda ya ɗaga mini da farin hankici yana neman in tsaya, ba zai ƙara ɗaguwa ba.

Allah ya tsare duk wanda zai fita ranar Asabar, ya dawo da shi gida da ƙafafunsa. Allah ya buɗe mana ido kafin yatsa ya motsa. Allah ya saka wa Orval da Verna, ya ba shugabanninmu ikon yanke abin da ya dace, ya sa albarka a wannan taro.

Na gode.