Wasiƙar da Yusha'u Ya Shanye

A kasuwar Ruma, zamanin da ake zuwa Katsina a ƙafa, Inno mai fura ta ga wani baƙo yana ta zane a ƙasa da tsinke.

"Ɗan nan, bugun ƙasa kake?"

"A'a, Gwaggo. Yusha'u nake, daga Zakka. Jibi za a jarraba mu a fada, ana neman magatakarda. Wasiƙar gwaji da malamina ya rubuta mini a allo nake son tunowa."

"Ina allon?"

"Tsohuwata ta wanke shi, ta ba ni na sha, wai don karatun ya zauna."

"Ya zauna?"

"Gaisuwar farko kaɗai."

Inno ta tuntsire da dariya, ta miƙa masa ƙwarya.

"Ko ni na haife ka, haka zan yi. Sha fura ka danne sauran, kar ya zube a hanya."