Kwallin Inna da Idon Godiya

Iyayena mata da 'yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Ni ce Rifkatu, maman Godiya, daga Yalwawa. Ku yi haƙuri da muryata, jiya muka dawo daga Kano, gajiyar ba ta sake ni ba.

Godiya tana shekara ɗaya da rabi na ga fari a ƙwayar idonta na hagu, yana ƙyalli kamar na mage. Daga Dutse aka tura mu Kano. Likitoci suka ce ciwon daji ne, na hagun sai cirewa, kuma ya fara taɓa na dama. Aka cire. Na daman suka ce za a haɗa masa magani biyu: haske mai ƙarfi da ake kira gashi, da zafin da na'ura ke ɗora wa ƙarin da ke cikin idon, bayan an sa yarinyar barci.

Akwai abin da na ɓoye. Ranar sunan Godiya, Inna, matar Malam maƙwabcinmu, ta ba ni kwalli, ta ce yana wanke idon jariri. Kullum ina sa mata. Da na ji an ce daji, zuciyata ta ce da hannuna na zuba mata shi. Ko babanta ban gaya wa ba. Na daina shiga gidan Inna. In ta aiko da kunu, in karɓa in zubar a bayan katanga.

Wata bakwai muna hanya. Mota, layi, hana yarinya abinci kafin allura, tana kuka tana jan zanena. Likita ta sha tambayata ko ana sa mata wani abu a ido, in ce a'a. In fito kuma in rasa sukuni: idan ƙaryata ta hana maganin ci fa? Idan na faɗa suka kore mu fa?

Ranar ɗora mata zafin karo na huɗu, suna shiga da ita na durƙusa a baranda. Na ce, "Ubangiji, na gaji. Ba zan iya goyon yarinyar nan da ƙaryar nan tare ba." Da likita ta fito, na ciro tandun kwallin na miƙa mata.

Ta juya shi, ta dube ni. "Maman Godiya, wata bakwai kina dakon wannan? Kwalli ba ya kawo daji. Amma ki daina sa mata."

Jiya suka ce ƙarin ya bushe, sai dai a riƙa zuwa dubawa. Muna sauka, gidan Inna na fara shiga neman gafara. Ta ce ai tuni ta sani, kajinta ne ke shanye kunun. Tana tsintar wake, Godiya ta tsuguna, ta zaro tsakuwa daga faifan ta miƙa mata.

"Ai uwar ɗakina ta fi ni ido," in ji Inna.

Na gode wa Yesu! Mai ɓoye wani abu a cikinku, ta kai masa, kada ta kai wata bakwai kamar ni. Amin.