Kwalin Magani a Tashar Jega

Ranar kasuwar Jega, wani dattijo mai tallar magani ya turo wa Bushira kwali ta tagar motar Aliero.

"'Yar boko, karanta wa jama'a. Ki ce musu yana maganin ciwon baya da basir."

Ta juya kwalin ta duba. "Ba ni faɗi, Baba. Na tari ne, kuma lokacinsa ya wuce tun kafin a raba mu da jihar Sakkwato."

Fasinjoji suka fashe da dariya.

"To, likita! Daga wane asibiti?"

"Da saura tukuna. Karatun haɗa magunguna nike nema a jami'a."

"Nema! Ni da ban nemi komi ba, ga tirena cike. Sun ba ki?"

"Gurbin karatun malanta suka ba ni, har da tallafin sabuwar jiha. Na ce a'a."

"Gwamnati ta miƙo, ke kin noƙe hannu? Wallahi da ɗiyata ce..."

"Ɗiyar taka, wannan kake ba ta in tana tari?"

"Haba! Ita kemis nike zuwa in sawo mata."

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya cusa kwalin ƙarƙashin sauran, ya sassauta murya. "In baɗi ma suka hana ki fa, ɗiyata?"

"In sake zama jarrabawar shiga jami'a. Tallafin bana dai ya wuce ni, an ba wata. Ƙawayena duk sun tafi makaranta sun bar ni. Ƙauyenmu Sabiyal zan koma, in duƙa dashen albasa da mahaifina, ana nuna ni ana cewa ga wadda ta ƙi jami'a."