Ruwan Gishiri a Tukwanen Barkono

"Ku ne kuka kashe min barkono," in ji tsohuwar, tana hararar mutumin da ke gefenta a bencin ƙofar ofishin shugaban makaranta.

"Iya, ni ba malami ba ne. Jerin shafukan intanet kawai nake kawo musu."

"Ashe kai nake nema. An ce wa jikata ta binciko abin da ke sa shuka girma. A jerin naka ta samo bidiyon wani mai farar riga, ya ce ruwan gishiri. Tukunya goma sha biyu, duk sun ƙone."

Mutumin ya murza ido a gajiye. "Ai a tukunya ɗaya ake gwaji."

"Wa ya gaya mata? Ni na miƙa mata gishirin da hannuna. Ban yi boko ba, na ɗauka mai farar rigar nan likita ne. Kai da ka yi, ka kalli bidiyon?"

"Shafi ɗari biyu ne, Iya. Ban buɗe duka ba."

"Yarinyar da surutun tambayarta ke hana ni sakat, tun ranar ba ta ƙara tambayar komai ba. Tashi mu shiga. A kira ta, ka maimaita wannan a gabanta."