Takardar da Na Ɓoye a Cikin Zabura

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu.

Shekarar da ruwa ya rushe gidajen bakin kogi a Gashua, a shekarar ce Iya, mahaifiyata, ta fara ciwon kai. Ta haura saba'in. Na kai ta asibiti a Nguru, aka ɗauki hoton kanta. Likita yana sauri, ya miƙo mini takarda ya ce, "Malam Bulus, ka iya karatu ko?"

Watana huɗu ke nan a ajin yaƙi da jahilci. Na ce, "Na iya."

Ƙarya na yi. Da Turanci aka rubuta, sunan Iya kaɗai na gane. Kunya ta hana ni tambaya. Na ninke takardar na sa a cikin Zabura, na kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya.

Iya takan ce, "Kai mai boko da furfura, me likita ya rubuta?" In ce, "Hutawa ya ce ki yi, Iya."

Kwana goma sha tara muna haka. Ran Lahadi da safe tana ɗaura zanen zumuntar matan coci, ta dafe kai ta faɗi.

Na durƙusa a ƙofar ɗakinta, addu'a ta ƙi haɗuwa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, ban iya ba! Ban iya ba!" Daga nan na ruga wurin Fasto da takardar. Ya karanta, ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Ɗan'uwa, Kano aka tura ku tun ranar. Jijiyar jini ce ta kumbura a cikin kanta."

A Kano likitoci suka ce kumburin ya riga ya tsage. Ba su buɗe kan ba. Ta jijiyar cinya suka zura siririn tiyo har cikin kai, suka cusa lallausar waya ta nannaɗe a cikin kumburin, ta toshe shi. Da suka kawo takardar sa hannu kafin aikin, na ce, "Ku karanta mini."

Iya tana raye. Na gode wa Ubangiji, ko da yake da kuka nake godiyar. Ku dogara gare shi, abin da ba ku sani ba kuma ku tambaya.

Ga abin da ya tafi: hannunta na dama, idonta ɗaya, waƙar da take bayarwa a zumuntar mata, da sunana. Yanzu "Malam" take ce mini, kamar baƙo.